Manta Uwa Na Bin Manyan Itatuwa Zuwa Buhun Gawayi

Duk ɗan Arewa mazaunin Kudu da ya kan tafi ganin gida ta hanyar Lakwaja, idan ya ratsa Abuja ya kama hanyar Keffi zuwa Akwanga, ko Lafiya, ko Jos, ya san yadda wurin nan ya koma. Tun daga Nyanya zuwa Mararraba har Masaka gini ne ya haɗe da gini, babu inda za a nuna a ce ga daji. Sai an doshi garin Uke, wanda ya fi kusa da Keffi, sa'an nan ƙasa ta ɗan buɗe, a hango gonaki da duhuwar itatuwan da suka rage a bakin kogi. A nan ɗin ma, abin da ido ya fi cin karo da shi a gefen titi shi ne buhunan gawayi da tulin itacen wuta, suna jiran motar da za ta kwashe su zuwa birni.

Uke yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma arzikinsa da wahalarsa duk a ɗaure su ke da Babban Birnin Tarayya. Abin da birnin ya ke bukata, ko yashi ne, ko katako, ko gawayi, ko filin gini, daga irin waɗannan garuruwa na gefe a ke samo shi. An sha yin magana a kan itatuwan da a ke sarewa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, tsohon itace idan ya faɗi ba shi kaɗai ya ke faɗuwa ba. Akwai wata shuka wadda mazauninta shi ne rassan manyan itatuwa na irin wannan yanki, watau dajin tsakiyar Nijeriya mai doka da maje, da ƙananan kurmi a bakin rafuffuka. Hausawa suna ce da ita manta uwa, wasu kuma su ce murucin bisa. Masana ilmin tsirrai sun sa mata suna Ansellia africana, kuma tun cikin shekarar 2013 ta shiga jerin halittun da a ke fargabar ƙarewarsu a duniya.

BA KAUCI BA CE

Wanda bai san ta ba, idan ya hango ta a ƙololuwar itace sai ya ɗauka kauci ne, ko kuwa sheƙar wani babban tsuntsu. Tana fitowa dunƙule guda, da ƙarare masu gaɓa-gaɓa kamar ƙananan rake, tsawonsu ya kan kai kamu ɗaya ko fiye. A cikin waɗannan ƙarare ta ke ajiye ruwan da za ta ci rani da shi, kuma kamar da suka yi da murucin giginya ce ta jawo mata suna na biyu. Ganyenta yana can wajen ƙarshen kara, ya yi kama da na dawa, sai dai ya fi shi kauri da gajarta.

Bambancinta da kauci babba ne, kuma ya kamata manomi ya san shi. Kauci ya kan huda ɓawon itace ya shiga jikinsa ya riƙa shan ruwansa, shi ya sa reshen ɗorawa ko kaɗanyar da kauci ya yi wa yawa ya kan bushe. Manta uwa kuwa haya kurum ta ke yi. Saiwarta tana manne wa ɓawo daga waje, ba ta shan komai daga jikin itacen. To, da me ta ke rayuwa? Nan ne abin mamaki ya ke. Ban da saiwar da ta ke riƙe itace da ita, tana fid da waɗansu siraran saiwoyi farare masu tsini, waɗanda maimakon su nufi ƙasa sai su miƙe sama, su kewaye gindinta kamar kwando. Busasshen ganye da ƙura da kashin tsuntsu duk a cikin kwandon nan su ke faɗawa, su ruɓe su zama taki. Fatar saiwar kuma kamar soso ta ke, tana tsotse raɓa da ruwan sama nan da nan. Watau dai ta haɗa wa kanta gona a sararin sama. Idan ta sami shekaru ba a taɓa ta ba, dunƙulen ya kan yi girman da a ke ƙiyasta nauyinsa ya haura tan guda, kwatankwacin buhun siminti 20, har an taɓa ganin babbar mujiya ta yi sheƙa a ciki.

Galibi da rani ta ke yin fure, sa'ad da daji ya bushe. Zangarniya guda ta kan ɗauki furanni masu yawa, wani lokaci har zuwa 100, rawaya ko rawaya mai ratsin kore, da ɗige-ɗige masu launin ƙasa-ƙasa kamar fatar damisa. Saboda wannan zane ne Turawa su ke kiranta da sunan damisa. Tana da ƙamshi. A wani wuri zanen ya kan yi duhu ya kusa rufe furen, a wani wuri kuma ya kan dushe har a sami rawaya zalla, amma duk iri ɗaya ce.

Dangin da ta fito ciki, wanda a ke kira okid, yana ɗaya daga cikin dangogin tsirrai mafi girma a duniya, da iri kimanin 28,000. Mai karatu ya riga ya san ɗaya daga cikinsu ko da bai taɓa ganinsa ba, domin banila, ƙamshin nan da a ke sa wa kek da askirim, daga 'ya'yan wani okid a ke samunsa, kuma tsibirin Madagaska ne ya fi kowa nomansa.

Sunan nan manta uwa daga yaye ya samo asali. A al'adar Bahaushe, idan yaro ya isa a cire shi daga nono a kan kai shi gidan kaka, a yi masa 'yan dabaru don ya rage kuka da ƙulafucin uwa, kuma wannan shuka tana cikin abubuwan da a kan ba shi. Wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a cikin shekarar 1916, kana a 1937 ya fid da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Ta hanyar aikinsa ne sunan Hausa ya haɗu da sunan masana. Sai dai a lura, ba ita kaɗai ke amsa wannan suna ba. A waɗansu ƙasashen Hausa wani ɗan tsiro na ƙasa a ke kira haka, wanda ba shi da dangantaka da ita. Wannan kaɗai ya isa ya sa uwa ta yi hattara da ƙullin garin da za a miƙo mata a tasha a ce manta uwa ce, tun da ya ke cikin yaron da a ke yayewa ba wurin gwaji ba ne.

DAGA LAKWAJA ZUWA PANYA

Sunanta na masana ma yana da alaƙa da wannan ƙasa. A cikin shekarar 1841 Gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara, da nufin ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da sarakunan bakin kogi, da kuma kafa gonar gwaji a inda Kwara ta haɗu da Binuwai, watau Lakwaja. A cikin tawagar akwai Samuel Ajayi Crowther, da J. F. Schön wanda daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, sauran suka janye zuwa tsibirin Fanando Po, wanda mutanen Kudu su ke kira Panya, yanzu kuma a ke ce da shi Biyoko. Shi ne tsibirin nan da Gwamnatin Tarayya ta kwaso leburorin Nijeriya daga cikinsa a 1975 da 1976.

A can ne wani ma'aikacin lambu na tawagar, John Ansell, ya tarar da wannan shuka a jikin kwakwar manja ya ɗebe ta. Da ta isa Ingila, masanin tsirrai John Lindley ya bayyana siffarta a 1844, ya laƙaba mata sunan mutumin da ya kawo ta. Daga baya aka gane ashe ta bazu a Afirka mai zafi baki ɗaya, daga nan Yamma har Kenya da Tanzaniya, har ƙasar Zulu a Afirka ta Kudu. Saboda haka ɗan'uwa da ke zaune a Kudu, idan ya kan ɗaga kai a inda tsofaffin kwakwa su ke, yana iya dacewa da ita.

Mutum zai ce, abin da ya bazu haka yaya za a yi ya ƙare? Amsar tana cikin yadda ta ke haihuwa.

IRI KAMAR ƘURA

Ƙwayar gero ko ta wake tana ɗauke da guzurinta. Da ta sami laima sai ta tsiro da abincin da ke cikinta, kafin ta yi ganye ta fara ciyar da kanta. Irin okid ba shi da wannan guzuri. Ƙanƙane ne kamar ƙura, kwanso ɗaya ya kan ƙunshi dubbai masu yawa, a waɗansu 'yan dangin har miliyoyi. Idan kwanson ya bushe ya tsage, iska ce ke ɗaukarsa ta watsa. Kusan dukansa asara ya ke zama. Wanda zai rayu sai wanda ya faɗa cikin tsaguwar ɓawon itace ko mararrabar reshe mai ɗan danshi, kuma ko a nan ɗin ma sai ya tarar da wata irin fumfuna, dangin naman kaza, wadda za ta ratsa cikinsa da siraran zarenta ta shayar da shi har ya yi ganye. In babu fumfunar nan, iri ya mutu. Daga tsirowa zuwa furen fari kuwa shekaru ne da dama.

Kafin a kai ga iri ma akwai wani sharaɗi. Garin furen okid ba ya tashi a iska kamar na masara. A dunƙule ya ke, sai ƙwaro ya shiga furen ya manne masa a jiki, ya kai shi wani furen. Ke nan idan dunƙulen manta uwa ɗaya ya rage a nan, wani kuma yana can nesa bayan an share abin da ke tsakani, auren ba ya yiwuwa yadda ya kamata.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga abin da ta ke bukata ba ƙaramin abu ba ne: tsohon itace mai kaushin ɓawo da manyan rassa, da iska mai ɗan laima irin ta bakin rafi, da haske wanda bai yi yawa ba, da 'yan'uwanta a kusa. Dashen itatuwa da a ke yi kowace damina da bikin gwamnati abu ne mai kyau, amma turare da dalbejiya 'yan shekara biyar ba su maye gurbin maɗacin da ya shekara ɗari. Kuma manyan itatuwan nan su ne daidai waɗanda mai zarto da mai gawayi su ke fara nema.

BIRNI MAI CIN DAJI

Ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar kafa sabon Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Ran 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta tashi daga Ikko ta koma can. A ƙidayar 1991 mutanen yankin birnin ba su kai 400,000 ba. A ƙidayar 2006 sun kai miliyan 1.4, ban da ɗimbin ma'aikata da 'yan ƙwadago da tsadar haya ta tura su ƙetaren iyaka zuwa ƙasar Karu, su kwana a Nasarawa su wayi gari a Abuja. Tsakanin Abuja da Keffi kimanin kilomita 50 ne, kuma kowace shekara gini yana ƙara cin wani yanki nasa. Mai sayen fili ba ya son itace a filinsa. Katafila ta kan share duka a wuni ɗaya, da ɗorawa da kaɗanya da abin da ke kansu.

Na biyu shi ne gawayi. Tun da kananzir ya fi ƙarfin talaka, gas ɗin girki kuma ya yi tsada, musamman bayan tashin farashin kaya da ya biyo janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, gidaje da yawa da masu abincin sayarwa sun koma wa kurfoti. Gawayi mai kyau daga itace mai tauri a ke yinsa. Maƙera sun daɗe da sanin ƙirya ce kan gaba, sai marke, sai kaɗanya, wadda a da ba mai taɓa ta saboda man da mata su ke samu. Ba a zargin mai ƙona gawayi da mugunta, domin shi ma abincin iyalinsa ya ke nema, kuma mafi yawan ribar ba a hannunsa ta ke tsayawa ba. Amma idan ya kada itace, duk abin da ke bisa ya tafi. Dunƙulen manta uwa da ya shekara talatin yana taruwa sai a yar da shi gefe rana ta cinye shi, ko a tura shi cikin ramin wuta.

Na uku katako. Labarin madobiya ya isa misali. Daga wajen shekarar 2013 'yan kasuwar ƙasar Sin suka buɗe wa itacen nan ciniki, saboda kayan ɗaki masu tsada da a ke yi da shi a can, aka dinga sare shi a Taraba da Kogi da sauran jihohin tsakiya, ana lodin gungume zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko. A 2017 wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta ba da rahoton cewa gungume kimanin miliyan 1.4 daga Nijeriya, na kuɗi dala miliyan 300, sun shiga ƙasar Sin ta hanyar da ba ta dace ba. A 2018 aka dakatar da Nijeriya daga cinikin madobiya a kasuwar duniya, amma kafin nan an riga an yi wa dazuzzuka da yawa aski. Da madobiya ta yi wuya sai ido ya koma kan kawo da maɗaci, har ta kai a taron ƙasar Panama na 2022 aka sa su ma cikin itatuwan da ba a fitar da su sai da izni.

A Uke akwai ƙarin abu guda, watau haƙar zinariya da ta jawo mutane daga wurare daban-daban. Duk inda 'yan haƙa suka yi sansani ana bukatar itacen girki da na rumfa, kuma wankin ƙasa a bakin ruwa a ke yinsa, daidai inda ɗan kurmin da ya rage ya ke. A ƙara da gobarar daji ta kowane rani, wadda harshenta kan kai ga ƙananan rassa.

KASUWAR MAGANI DA TA FURE

Ban da asarar mazauni, ana kuma cire ita kanta shukar. Ƙungiyar kare halittu ta duniya da a ke kira IUCN, mai hedkwata a ƙasar Suwizalan, da ta sa manta uwa a matakin farko daga cikin matakai uku na haɗari, ta dubi abu biyu ne: raguwar itatuwan da ta ke hawa, da yawan ɗibarta don magani da ado. A Afirka ta Kudu abin ya fi tsanani. Zulu suna amfani da ita wajen farin jini da neman aure, da kuma korar mugun mafarki, ana kuma sayar da ƙararenta a manyan kasuwannin magani na Durban da Johannesburg. Masu ɗiba ba sa yankar kaɗan su bar saura. Dunƙulen gaba ɗaya su ke ɓamɓarowa, wani lokaci ma su sare reshen ko itacen don su kai gare shi. Masu sha'awar furanni kuma suna biyan kuɗi mai kyau a kan wadda ta riga ta girma, saboda ba su son jiran shekaru.

Yadda kasuwa kan cinye tsiro an gan shi a wani wurin. A Zambiya akwai wani abinci da a ke kira cikanda, wanda a ke yi da gyaɗa da saiwar waɗansu okid masu fitowa a ƙasa. Da abincin ƙauye ne. Da ya shiga birane sai na Zambiya ya kasa, aka koma ɗebowa daga tsaunukan kudancin Tanzaniya, inda masu bincike suka ƙiyasta a farkon shekarun 2000 cewa saiwa miliyan 2 zuwa 4 ce ke ƙetare iyaka kowace shekara. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Gwamnatin Tanzaniya ta mai da tudun Kitulo gandun daji na ƙasa a 2005, domin furanni, ba domin giwa ko zaki ba.

A nan ne maganar ta shafi 'yan'uwa mazauna Kudu. Masu maganin gargajiya da ke baza kaya a Sabon Ibadan, da Agege, da Shagamu, da Fatakwal, daga gida a ke aiko musu da saiwa da sassaƙe. Su ne ke faɗin abin da su ke so, da yawan da su ke so. Mai magani da ya ce a kawo masa buhu guda na abin da tafin hannu ya ishe shi wata shida, shi ya sa yaron da ke daji ya tuge duka. Ran da ya aika aka ce babu, sai ya koma sayar da wani abin da sunanta, mai saye kuma ba ya iya bambancewa.

DOKA TANA BAKIN IYAKA

Ba a ce babu doka ba. A 1973 aka ƙulla yarjejeniyar CITES a birnin Washington na Amurka, don sa ido a kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijeriya tana cikin ƙasashe 10 na farko da suka amince da ita, ta kuma fara aiki ran 1 ga Yuli, 1975. Dangin okid gaba ɗayansa yana ƙarƙashin wannan yarjejeniya, saboda haka ba a fitar da manta uwa daga Nijeriya sai da takardar izni daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. A cikin gida kuma akwai Doka ta 11 ta shekarar 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tara, ko da ya ke tun asali hankalinta ya fi karkata ga namun daji. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke da alhakin tilasta bin dokokin muhalli.

Amma a duba inda gizo ke saƙa. Mutumin da ya sa kara uku na manta uwa cikin akwati ya nufi filin jirgin sama na Ikeja ba takarda, ya karya doka. Wanda ya kada itacen da ke ɗauke da dunƙule goma ya cinna musu wuta, ba wanda zai tambaye shi labarinsu. Sha'anin daji a hannun jihohi ya ke, kuma dattawa suna tuna zamanin En'e, sa'ad da malamin daji kan kama mutum a kan sare ɗorawa ɗaya ba izni. Yanzu gandayen daji da yawa sun zama gonaki, waɗansu sun zama unguwanni, waɗansu kuma maɓoyar ɓarayi, inda ma'aikacin daji ba ya iya shiga.

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a ƙara gandayen daji na ƙasa guda 10, cikinsu har da Marhai a Jihar Nasarawa, da Allawa a Jihar Neja, da Falgore a Jihar Kano. Wannan mataki ne mai kyau idan aka bi shi da ma'aikata da kuɗi. Sai dai ƙananan kurmin bakin rafi irin na ƙasar Karu ba su cikin kowane gandu. Makomarsu tana hannun masu gona, da dagatai da hakimai, da masu sayar da filaye. Dagacin da ya hana sara a cikin taku hamsin daga bakin rafi ya yi wa manta uwa abin da takardar Washington ba ta iya yi mata ba, ya kuma tsare wa garinsa ruwan rani da gaɓar da ba ta zaizayewa.

ANA IYA RENONTA

Matsalar irin da ba ya tsirowa sai da fumfuna an daɗe da samo mata mafita a ɗakin bincike. A 1922 wani malami a Jami'ar Cornell ta Amurka, Lewis Knudson, ya nuna cewa idan aka zuba irin okid a cikin kwalba mai tsabta, a kan wani abu mai kama da kamu wanda aka haɗa da sukari da gishirin taki, zai tsiro ba tare da fumfuna ba. A kan wannan dabara ne cinikin furannin okid na duniya ya tsaya a yau. Masana a Jami'ar KwaZulu-Natal sun gwada ta a kan manta uwa, ta kuwa yi. Nijeriya ba ta rasa wuraren da za su iya wannan aiki ba. Ga Cibiyar Binciken Daji ta Ibadan mai babban rumbun busassun tsirrai, ga cibiyar NACGRAB a Moor Plantation, ga cibiyar kimiyya ta Sheda da cibiyar binciken magunguna ta Idu, duka biyu a cikin yankin Babban Birnin Tarayya. Kwanso guda, idan ya shiga hannun da ya san aikin, ya isa ya ba da dashe ɗaruruwa.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar kwalba, wadda ta dace da 'yan Arewa masu yawa da ke aikin lambu a gidajen Ikoyi da Bodija, ko masu sayar da furanni a bakin titi. Manta uwa tana yarda a raba ta. Idan hadari ya karya reshen da ta ke kai, ko aka tarar da itacen an riga an kada shi, a kan yanki dunƙulen da wuƙa mai kaifi gida-gida, kowane yanki da ƙarare aƙalla uku ko huɗu tare da saiwarsu. Mai ɗibar magani ma haka ya kamata ya yi, ya yanki tsofaffin ƙarare daga gefe ya bar gindin da sababbin tofo. Yankin da aka samu sai a ɗora shi a mararrabar reshen itace mai kaushin ɓawo, inda rana ke ratsowa ta cikin ganye, a ɗaure shi da tsumma ko igiyar rama. Waya tana yanka kara, ba a amfani da ita. Kada a binne ta cikin ƙasa kamar rogo, domin saiwarta iska ta ke so, idan ta zauna cikin laka sai ta ruɓe. Wanda ba shi da itace yana iya sa ta a kwando ko kaskon da aka huda, a cika shi da gutsattsarin ɓawon itace da ɗan gawayi.

Lokacin wannan aiki shi ne farkon damina. A Ikko da Ibadan, inda ruwa kan sauka tun watan Maris ko Afrilu, ana iya farawa da wuri. A wajen Uke da Keffi sai a jira ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Kafin kaka sababbin saiwoyi farare za su kama ɓawon, a kwance tsumman. A ranin farko ana ɗan yayyafa mata ruwa da safe idan hunturu ya tsananta, daga na biyu kuwa ta kan riƙe kanta.